Kifin Goggon Kalgo

Tun da aka naɗa yayana alƙalin babbar kotun tarayya muka shiga uku a gidanmu na Gwandu. Mutumin da a da ko gyaɗa ya gani a hannunka sai ya ɗiba, sai ga shi ko goro aka miƙa masa sai ya tambayi wanda ya aiko da kuma dalili. Wani tsoho daga Dodoru ya taɓa kawo masa zabi biyu, Yaya ya sa aka bi shi da su har tasha. Ni ce ƙanwarsa, kuma ni ake aika da irin wannan saƙon, don haka ni na sha kunyar.

Muna da goggo a Kalgo, ita ta riƙe Yaya tun rasuwar mahaifiyarmu. Duk ƙarshen damina takan aiko masa da busasshen kifi a kwando. Shekarar da aka dawo da shi aiki jiharmu, sai aka kama ɗan maƙwabcinta da fasa-ƙwaurin shinkafa, shari'ar kuma ta faɗo gaban Yaya. Ana haka sai ga kwando ya iso kamar kullum. Yaya ya zagaya shi sau biyu, ya shaƙi ƙamshin har da lumshe ido, sannan ya ce in mayar. Na ce wallahi ba da ni ba, sai ya ba direbansa.

Ranar Asabar muna tsakar gida sai ga Goggo da kwandon a ka, ko sallamar kirki ba ta yi ba. Ta dire shi a gabansa. Mai shari'a guda, wanda lauyoyi ke rusuna wa, ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Goggo, sannu da hanya."

"Riƙe sannunka. Mi kifina yay yi maka?"

Ya fara yi mata bayanin doka a hankali, wai ba ita yake zargi ba, bakin mutane yake gudu.

"Wato cin hanci na aiko maka? Kai, in abincin hannuna na sayen mutum, ai na daɗe da sayenka. Wa ad dama maka kunu sadda kay yi ƙyanda? Ɗan maƙwabcin nan ma ban gaisawa da uwa tai, awakinta sunka cinye min rama."

Ni dai na toshe baki da gyale. Ta sa na kawo mai da yaji, ta ɓare kifi ɗaya da hannunta ta tura masa. Ya ci, ya ƙara, hawaye na zubo masa, ya ce wai yajin ne.

Ranar Litinin ya shiga kotu ya sanar cewa ya janye hannunsa daga shari'ar, aka miƙa ta ga wani alƙalin. Da labari ya kai wa Goggo, cewa ta yi ashe kifinta har alƙali yake tayarwa daga kujera.

Goggo ta rasu kafin ya yi ritaya. Ƙarshen daminar nan na tarar da shi zaune a zaure yana kallon hanya. Ya ce min duk tsawon aikinsa ya mayar da kyauta ba iyaka bai taɓa nadama ba, sai wannan kwandon. Kwana uku ta yi tana zaton ɗan da ta raina yana ƙyamar hannunta.