Ranar da Sufeto Ya Zama Lantarki

Har gobe ba na mantawa da ranar da sufeton ilimi ya zo mana daga Sakkwato. Ina malamin kimiyya a wata sakandare a Boɗinga, zamanin mulkin farar hula na biyu, ana tsakiyar tsuke bakin aljihu. Ɗakin gwajinmu ba komai sai kwalabe da yanar gizo. Aikin sufeto ya ga darasi ya rubuta rahoto, kuma an raɗa mini cewa in bai gamsu ba za a rufe ajin kimiyya, a watsa ɗalibaina. Tun safe na kasa zama wuri ɗaya.

Darasin kan ƙarfe ne. Ƙwayoyin cikinsa a jere suke sahu-sahu. Zafi ke sa su rawa su tare wa lantarki hanya, amma wasu ƙarafan in sanyi ya kai matuƙa, lantarki sai ya wuce ba turjiya. Ba ni da na'urar nuna wannan, sai na jera ɗalibai a fili. Na ce su ne ƙwayoyin, su yi ta rangaji, su bangaji duk wanda ya ratso.

Sufeton, dattijo mai furfura, ya tattare riga. "Malam, bari ni in zama lantarkin."

'Ya'yan ƙauyukan Danchadi da Kajiji ne za su bangaji dattijo? Yana sa ƙafa rangaji ya tsaya, kowa ya rusuna ta wajensa, hanya ta buɗe. Shugaban makarantarmu, da ke masa rakiya, ya bi bayansa sumul. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sufeto ya waiwayo. "To ina turjiyar da kac ce?"

Nan abin ya faɗo mini. Na ce, "Ranka shi daɗe, ai wanga shi na halin sanyin! Na gaba ya wuce, sahu ya karkato mai, na baya ya bi gurbin. Haka masana sunka ce, in da sanyi, 'ya'yan lantarki biyu-biyu suka tahiya."

"To a gwada min na zahin," in ji shi, ya sake ratsawa. Ko rigarsa ba wanda ya taɓa. Ya yi dariya har da hawaye.

Ba a rufe ajin ba. Ku sababbin malamai, kafin ku koka da rashin kayan aiki, ku dubi abin da ɗalibanku suka zo da shi daga gida. Ni dai har na yi ritaya, in darasin nan ya zagayo ba na neman na'ura. Bakin kasuwa nake zuwa in roƙo dattijo.