Garin da Aka Binne Gindin Gawo

Babbaƙu biyu ne suka kusa raba yayata da gonarta, angai da ra, kuma da hannuna na rubuta su. Allah Ya yafe mini, ban sa musu wasali ba.

Wanda ya yi lakwal kaɗai, wato makarantar boko, ba zai ga girman laifin ba, don haka bari in faɗa. A ajami baƙi ƙashi ne, wasali nama. In ka ajiye angai da ra tsirara a kan takarda, mai karatu ne zai tufatar da su da abin da ya ga dama. Yana iya cewa gari, yana iya cewa garu. Goro ma ya hau, gora ta hau, gara ta hau, har guru na 'yan tauri. Duk ba wanda ya yi ƙarya.

Wata shekara bayan girbi, wata malamar jami'a ta iso ƙauyenmu da ke kusa da Urafane, bisa kabu-kabu, ta rungume jakarta kamar jariri. Tsofaffin takardun ajami take nema. Mai gari ya turo ta wurina, don ni ke rubuta wa mutane wasiƙa tun kafin waya ta karɓe mini aikin. Mace ce mai ladabi, ta durƙusa ta gaishe ni da Baba Malam, Hausarta fes, sai in magana ta ƙi fita ta tallafe ta da Faransanci. Na ɗauko mata gafakar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, wadda ta shekara fiye da arba'in rataye a ɗakin da Yaya ke girki in damina ta hana ta tsakar gida. Ban duba cikinta ba. Ta kwashe yini tana ɗaukar takardun hoto, tana juya su da 'yan yatsu biyu, har tana sansanar wasu. Na yi mata addu'a, ta tafi.

Da bazara sai ga ta a mota, da ɗalibai biyu, da shebur, da igiya, da takarda mai hatimi daga meri, ofishin magajin gari. Aka tara mu a ƙofar mai gari. Ta fito da hoton wata 'yar takarda da hayaƙi ya mai da ita launin daddawa, ta karanta a hankali:

"An binne gari gindin gawo, gabas ga tsohuwar rijiya. Kada a tona sai ruwa ya sauka."

Ta ce ba ta ce lalle ba. Mai yiwuwa gari ne, mai yiwuwa garu ne, amma ko wanne ne, alama ce ta cewa an taɓa zama a wurin, rairayi ya rufe. Za su yi 'yan ramuka su gani. In an sami wani abu, hukuma za ta kewaye filin, ba noma ba kiwo, har a gama bincike.

Gawon da ke gabas da tsohuwar rijiya ɗaya ne tak, kuma a tsakiyar gonar Yaya yake. Gonar gadonmu ce, na bar mata rabona tun rasuwar mijinta. Daga ita take ci da jikokinta huɗu. Ga gajimare ya fara taruwa a gabas da la'asar, mutane sun gama sharar gona, ruwa kawai ake jira.

Na karɓi hoton na duba. Na ga ra ɗina mai doguwar wutsiya, wadda malaminmu ya sha dukana a kanta. Nan take abin ya dawo mini.

Shekarar yunwa ce, ina saurayi, ban daɗe da dawowa daga karatu ba. Rumbu ya ƙare tun kafin zafi ya kama, muna cin tafasa da dusa. Mahaifinmu ya ware irin gero tiya uku, ya zuba a tulun innarmu, ya liƙe bakin da laka, ya kai gona ya binne. Ba ɓarayi yake ɓoye wa ba, mu yake ɓoye wa, da kansa. Ya ce in yaro ya yi kuka a gabansa ba zai iya riƙe hannunsa ba. Sai ya kira ni ya ce in rubuta wurin, ko da mutuwa za ta riga ruwa zuwa. Na ɗauki alƙalami zan sa wasali, ya riƙe mini hannu.

"Bar shi hakanan. Wanda ya sani ya sani."

Ruwa ya sauka yana da rai, ya tono abinsa, muka shuka. Takardar ta shige gafaka, ni ma na manta da ita.

Na miƙe a gaban mai gari na ce, "Ranka shi daɗe, wagga takarda ni na rubuta ta. Kuma ba gari ba ne, gero ne."

Aka bushe da dariya. Mai gari ya fi kowa. Dama shekara da shekaru muna jayayya da ƙauyen da ke arewa da mu a kan wa ya riga wani zama, har ta kai ba a son haɗa layi da su a kasuwar Urafane. Yanzu Allah Ya kawo mana gari sukutum a ƙarƙashin ƙasa.

"Malam," in ji shi, "kai da ko haƙoranka ba su gama zubewa ba, ka ce kai ka rubuta abin da ya girmi kakan kakanka? Zamna, Allah Shi ba ka haƙuri."

Malamar ba ta yi dariya ba. Ta buɗe kaye, littafin rubutunta, ta rubuta maganata tsaf, ta tambaye ni shekaruna. Na ji daɗi, na ce ga mai hankali. Da na leƙa sai ɗalibinta ya fassara mini abin da ta sa: mai ba da labari na uku ya ce shi ya rubuta. Ashe tun da safe tsofaffi biyu sun riga ni. Na farko ya ce kakansa ne ya rubuta, yana limamin garin da ya nutse. Na biyu ya ce ba rubutun mutum ba ne sam, kuma shi da kunnensa ya sha jin ana daka a ƙarƙashin gawon nan ranar Juma'a.

Na ce mata, "Ɗiyata, ni ba labari nike ba ki ba. Ni ne."

"Na ji, Baba Malam. Amma aikinmu ba ya ɗaukar bakin mutum guda. Sai mun auna."

Na ce to a auna. Aka kawo tawada da alƙalamin kara, na zauna a kan buzu na sake rubuta layin nan biyu, ban duba hoton ba. Aka jera su. Ko uwar da ta haifi tagwaye ba ta fi haka ba. Ɗaliban suka yi ta magana da Faransanci da sauri, suna nuna wutsiyar ra. Malamar ta dube ni idonta na ƙyalli.

"Baba Malam, ka san abin da wannan ke nufi? Hannun mutanen dauri bai ɓace ba a garin nan. Kai ne ka gaje shi."

Ta ɗauke ni hoto riƙe da alƙalami. Mai gari ya sa aka yi mini kabbara. Tunda nake, ban taɓa faɗin gaskiya aka saka mini da girma irin na ran nan ba, kuma ban taɓa komawa gida da baƙin ciki irin na wannan rana ba.

Na tarar da Yaya tana sussukar iri. Ta girme ni da shekara shida, kuma har yau ba ta yarda na girma ba. Na kwashe duka na faɗa mata.

"Kai da karatunka," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "An aike ka gabas shekara bakwai, ka dawo ba ka iya rubuta gero ba."

"Yaya, Baba ne ya hana ni sa wasali."

"To tai ka gaya musu Baba ne. Shi zama na huɗu."

Washegari aka fara. Suka ja igiya suka yanka gindin gawo gida-gida kamar za a yi dara. Na zaci haƙa irin ta rijiya za a yi, a gama a yini guda. Ina! Da ɗan cokalin magini suke kankarar ƙasa, su share da burushi, su tankaɗe ta a rariya kamar za a yi tuwo da ita. Ranar farko suka sami ƙashin akuya, aka sa shi a leda aka rubuta masa lamba. Rana ta biyu suka sami murfin kwalba da tsohon takalmin roba ƙafar hagu, wanda na gane nawa ne amma na yi shiru, don na gaji da zama mai ba da labari. Mutanen gari suka kafa rumfa a bakin gona. Mai ƙosai ta kawo kaskonta. 'Yan ƙauyen arewa suka zo suka tsaya nesa, suna cewa ko an sami garin ma ai nasu ne, mu baƙi ne muka zauna a kansa.

Ni kuwa kowace la'asar ido na gabas. Hadari na haɗuwa yana watsewa. Na sami kaina cikin abin da ban taɓa yi ba, manomi ɗan manomi, ina gama salla in rasa me zan roƙa. In na ce Allah Ya kawo ruwa, gonar Yaya na ɗaure da igiya. In na ce Ya jinkirta, na cuci gari duka. Sai na riƙa cewa, Ya Rabbi, Kai ka san karatun, Ka sa masa wasalin da ya dace.

Rana ta biyar, wajen hantsi, ɗaya ɗalibin ya yi ihu. Sun kai ga tsingaro, babba, gindin tulu da rabin cikinsa, yana zaune daram a inda aka ajiye shi. Mai gari ya zo da sauri har rawaninsa na warwarewa. Malamar ta shiga ramin da kanta, tana share shi da burushi kamar mai yi wa jinjiri wanka. Ta ce a dubi zanen da ke jikinsa, irin wannan ba a yin sa yanzu. Gaskiyarta ce, matar da ke yin sa ta rasu tun ina yaro.

Yaya ta ratso mutane da sandarta, ta leƙa ramin, ta daɗe tana kallo.

"Ɗiyata, mi kuka ce wannan?"

"Inna, tukunyar mutanen da ce. Sai an kai ta an auna kafin a san shekarunta."

"Ina wuyanta?"

"Ba mu same shi ba tukuna. Wataƙila yana ƙasa."

"Ba ya ƙasa. Kaji na shan ruwa bisa nai."

Ta juya ta nufi gida, ba ta gaggawa. Can sai ga ta ta dawo, riƙe da wuyan tulu, duk kashin kaji a jikinsa. Shekara arba'in yana tsakar gidanta, a kansa take ɗora kaskon ruwan kaji don kada su kifar. Ranar da mahaifinmu ya tono tulun, hauya ta sare shi, ya kwashe geron a riga ya bar gindin a rami, ita kuma ta ɗauko wuyan don ba ta iya ganin abu ya tafi a banza.

Ta miƙa wa malamar. Malamar ta ɗora shi a kan tsingaron, ta ɗan juya. Ya zauna ƙyam, ko tsinke ba zai shiga tsakani ba, zanen sama ya haɗu da na ƙasa.

Ta zauna a bakin ramin, ƙafafunta a ciki. Ta dubi tulun, ta dube ni, sai ta fara dariya, ta rufe fuska da gyale tana yi har da hawaye.

"Gero," ta ce. "Baba Malam, gero!"

"Tun ran Lahadi nike faɗi."

Ta fiddo kayen, ta nemo inda aka sa ni na uku, ta ja layi a kai, ta ce in ba ta labarin tun daga farko. Na ba ta, har da riƙe hannun da mahaifinmu ya yi. A nan dariyarta ta tsaya. Ta ce ta karanta takardun sarakai da na yaƙi da yawa, amma ba ta taɓa riƙe takardar da mutum ya ɓoye wa kansa abinci ba, kuma a kan wannan za ta yi rubutunta. Mai gari ya tambaye ta ko ba za a iya barin maganar a matsayin gari ba, ko da ƙarami ne, ko da unguwa ce. Ta ba shi haƙuri. Ya tafi yana cewa boko bai taɓa gyara komai ba. 'Yan ƙauyen arewa har yau in sun gan mu a kasuwa sai su ce, ina mutanen birnin gero?

Yaya ba ta tsaya jin wannan ba. Ta buga sandarta a ƙasa.

"To, ɗiyata, an gama karatu? Ku maida mini ƙasata yadda kunka ganta. Da wuyan tuluna."

Suka kwance igiya. Malamar da ɗalibanta suka kama shebur, wannan karon ba cokali ba burushi, Yaya na tsaye a kansu tana nuna inda bai cika ba. Malamar ta roƙi a bar mata tulun, gindi da wuya. Yaya ta ce gindin ta ɗauka, ba ta da abin yi da shi, amma wuyan kaji sun saba.

Kwana biyu bayan tafiyarsu ruwa ya sauka, mai yawa, tun azahar har la'asar. Da safe muka fita, ina gaba da sungumi ina sara, Yaya na biye tana jefa iri tana rufewa da diddige. Irin nan jikan jikan na cikin tulun ne, ba mu taɓa sake shi ba. Da muka iso gindin gawo, inda ƙasa ta sha tankaɗe ta yi laushi kamar gari, ta tsaya ta ƙara 'yan ƙwayoyi a kowane rami.

"Nan zai fi ko'ina kyau," ta ce. "A ƙalla sun yi mini huɗa. Sara, Malam, rana na yi."