Jadwiga Sroka da Lambar da Ta Ƙi Bari Ta Wuce

Bakwai saura kwata Pani Jadwiga Sroka take isowa sashen kimiyyar sinadarai. A nan Pani ake ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Pan. Ta rataye kwat, ta haɗa shayi da lemun tsami, ta zauna duba lissafin da kwamfutoci suka kwana suna yi. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ni ne mai gyaran wutar ginin, ashirin daga ciki a idona aka yi.

Sashen yana lissafa yadda iska ke kama hem, ɗan zoben nan mai ƙwayar ƙarfe a tsakiya da ke ɗaukar oksijin a jini. Nata aikin shi ne bin abin da manya suka shigar wa na'ura, layi bayan layi. Ba a sa sunanta a komai.

Wata shekara Farfesa Kmiecik ya sami sakamakon da ya faranta masa kan iskar gawayi mai kisa, saura kwana huɗu ya gabatar a taro. A makon ne kuma zai sa hannu a sabunta mata aiki, ko ya ƙi. Sai ta gano kuskure. Akwai lambar da ke gaya wa na'ura halin da ƙarfen yake ciki kafin iska ta kama shi. Biyar ya kamata a rubuta. Na'ura kuwa, in ba a faɗa mata ba, ɗaya take ɗauka. Farfesa bai faɗa ba.

Ina kan tsani a ofishinsa ina canja ƙwan fitila ta shigo ta nuna masa.

"Pani Jadwiga, ke ce farfesan yanzu? Ai sakamakon ya yi daidai da na gwaji."

"Sa'a ce, Pan Farfesa. Ƙarfen da kuka lissafa ba ya cikin jinin kowa."

Ya tuna mata takardar aikinta tana kan teburinsa. Ta ce ta gan ta tun daga ƙofa.

Ya janye daga taron. Sai ranar ƙarshe ya sa hannu, ya aika sakatariya ta kai mata. Shekara guda bai amsa gaisuwarta ba, ita kuma kullum sai ta gaishe shi.

Ba na yabon mutane, yawancinsu ba su kai ba. Amma ke, Pani Jadwiga, kin san wanda ke riƙe da abincinki, kika faɗa masa gaskiya a tsaye. Ranar Juma'a za ki aje aiki. Mun gode.

Ku da za ku hau kujerarta, ku duba kowane layi. Wanda kuka tarar ba daidai ba ku faɗa, ko da takardarku na kan teburin mai shi.