Abdulganiyyu da Jarkar Zamzam

Abdulganiyyu ɗan gwaggona ne, abokin wasana, saboda haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa, shi kuma ba shi da izinin yin fushi. Tare muka tashi a unguwar Nakkasa a Makka, can saman dutse, kafin a rushe gefenmu mu gangaro unguwar Shisha. Ni na ajiye makaranta a aji shida, daga baya na kama tuƙin tasi. Shi kuwa ya yi ta karatu har malamai suka gaji da ganinsa. Amma ba karatun ne abin mamaki a jikinsa ba, hancinsa ne da harshensa. Tun muna yara, daga gindin dutse yake gaya mana gidan da ake soya albasa da gidan da miya ta ƙone. Wata rana ya shaƙi iska ya ce Gwaggo ta canza mai sayar mata da daddawa. Muka hau muka tarar haka ne.

Mahaifinsa, marigayi Issoufou, mutumin Damagaram ne, don haka fasfon Nijar gare shi. Da shi ya tafi Faransa koyon aikin otal, ya yi shekara tara bai leƙo ba. Abin da Gwaggo Ummulkhairi ta sani, kuma take gaya wa duk wanda ya tsaya, shi ne ɗanta yana aiki a gonar inabi. Ba ƙarya ba ne. Ni kaɗai na san inda inabin yake ƙarewa, wato cikin gangunan katako a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda yake zama giya. Aikin Ganiyyu ɗanɗanawa ne. Yana bin gangunan ɗaya bayan ɗaya, ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar, ya ce wannan ta isa, waccan a ƙara mata wata shida. Turawa masu furfura suna tsaye suna rubuta abin da ɗan Nakkasa ya faɗa. In ka tambaye shi zai ce ai tofarwa yake yi. Da na matsa masa sai ya ce, to, ba kullum ba. Yana son abin nan, Allah ya shirye shi, yana maganarsa kamar yadda tsofaffinmu suke maganar garuruwansu.

A watan Afrilu na 2016 ya zo hutun sati uku. Ranar da ya sauka, kafin ya cire takalmi Gwaggo ta miƙa hannu ta karɓi fasfo. A gidanmu haka ake yi, duk takardar da ke da hoton mutum a jiki, iƙama ce, wato katin izinin zama, ko katin asibiti, tana cikin jakar fatar Gwaggo. Sai da ya ci abinci sannan ta sanar da shi cewa zuwan ke nan. Ta riga ta gama magana da Alhaji Yunus mai shagon turare, zai ɗauke shi aiki ya yi masa iƙama. Ganiyyu ya yi dariya, ita ba ta yi ba. In bai koma kan lokaci ba aikinsa ya tafi, kuma na san shi, ko da fasfon yana aljihunsa ba zai hau jirgi ba sai ta sa masa albarka.

Ni na yi ta yawo da shi a mota. Na kai shi inda aka haife shi, muka tarar da fili da katafila. Na nuna masa dogayen gine-ginen da suka kewaye Harami, ya ɗaga kai har wuyansa ya yi ƙara, ya ce masha Allah, amma na ga idonsa ba ya nan. Sai ya kama ba ni labarin yayyafin safe a can, da hazon da ke kwanciya a kan layukan inabi, da sanyin ɗakin gangunan nan wanda ya ce yana ƙanshin jiƙaƙƙen dutse. Na ce masa dutse muke da shi har ya yi mana yawa, in ƙanshi yake so in watsa wa ɗaya ruwa. Da muka hau Ɗa'ifa mutane suna ta sayen ruwan wardi, shi kuwa ya hango kurangar inabi a jikin katangar wani, ya je ya tsaya yana shafa ganyen kamar ya haɗu da ɗan'uwa a bariki. Sai da na yi masa hon sau uku.

Ko sobiya na saya masa, wannan abin shan na sha'ir da muka tashi da shi, ba ya sha kamar mutane. Sai ya juya kofin roba, ya tura hanci ciki, ya lumshe ido, ya gaya wa mai sayarwa cewa kirfarsa ta bara ce. Mutumin ya dube ni ya tambaye ni ko baƙon nawa yana da aljanu.

Ranar Juma'a ta biyu Gwaggo ta yi walimar dawowarsa. Bayan la'asar maza suka cika falo, Alhaji Yunus a tsakiya. Aka ci, aka kawo tasar wanke hannu, sannan Gwaggo da kanta ta leƙo ta miƙo wa ɗanta Zamzam a kofin gilashi, daga jarkar da Zali mai kawo mata ruwa ya ajiye da safe. Ganiyyu yana tsakiyar amsa tambayar wani, hankalinsa ba ya kan hannunsa. Ya juya kofin, ya shinshina, ya kurɓa, ya ja iska ta haƙora har da 'yar ƙara, ya sunkuya ya tofar a tasa.

A Makka, ranar Juma'a, a gaban mutum ashirin. Wallahi na ji na'urar sanyaya ɗaki ta ɗauke numfashi. Wani dattijo ya fara salati. Shi kansa Ganiyyu ya dubi tasar kamar wani ne ya yi. Can sai ya taɓa harshensa da leɓe, ya ce a hankali:

"Ummi, wannan ba Zamzam zalla ba ne. Kashi ɗaya cikin uku ruwan tanka ne, kuma tankar ta yi tsatsa."

Aka aika aka kira Zali. Ya fara rantsuwa, sai ya dubi fuskar Gwaggo ya fasa. Ya ce layi ya yi tsawo a wurin ɗiba, ruwan da ya samu bai kai ba, ya cike jarkokin a hanya. Aka tambaye shi nawa ya ƙara, ya ce kamar kashi ɗaya cikin uku. Falo ya rikice. Alhaji Yunus ya kama hannun Ganiyyu ya ce irin wannan hancin bai taɓa shiga shagonsa ba. Ni kuwa kafin magariba na kai labarin har Muzdalifa, na ƙara da cewa ya faɗi lambar motar tankar.

Da baƙi suka watse Gwaggo ta kira Ganiyyu, ta ce ni ma in zauna, don in ya yi ƙarya fuskata za ta gaya mata.

"Ba ruwan nake tambaya ba," in ji ta. "Wanda ya ji abu ba daɗi yamutsa fuska yake yi. Kai kuwa na ga ƙafarka ta jawo tasa tun ruwan bai taɓa bakinka ba. A ina aka koya maka sha irin wannan?"

Yana da hanyar tsira, duk Shisha ta ba shi ita: ya ce baiwar harshe ce kawai. Bai bi ba. Ya gaya mata gangunan, ya gaya mata abin da ke cikinsu, ya gaya mata ba kullum yake tofarwa ba. Har ya ce mata yana kewar wurin, kullum da shi yake tashi. Ni da na zo shaida na rasa inda zan ajiye idona.

Kwana uku ba ta yi masa magana ba. Abinci yana zuwa kan lokaci, amma ko sannu babu. A na huɗu da hantsi ta fito da jakar fata, ta ajiye fasfon a kan gwiwarsa.

"Ba zan tsare ƙato da takarda ba. Ka tafi, Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka. Amma ka sani, duk Litinin da Alhamis zan je gaban Ka'aba in roƙi Allah ya ɗauke wa harshenka daɗin abin nan, ka sa shi a baki ka ji kamar ruwan wanki."

Sai ka san Gwaggo za ka gane abin da ta faɗa. Matar nan in ta ɗaga hannu, mu da ke gefe matsawa muke yi. Ganiyyu ya durƙusa ya ce ta roƙi komai amma ta bar masa harshen, da shi yake ci. Ta ce ai ba duka ta roƙa ba, za a bar masa na tuwo da na Zamzam.

Ya tafi ranar da tikitinsa ya ce, ni na kai shi Jidda. Yana can har yanzu. Ya gaya mini a waya cewa duk safiyar Talata da Juma'a, washegarin addu'ar Gwaggo, sai ya shiga wurin gangunan gabansa na faɗuwa, ya kurɓi ta farko ya tsaya ya ji. Ni kuma nake kai Gwaggo Harami, ba ta taɓa fashi ba. Wancan satin ta tambaye ni ko yana jin daɗin abin har yanzu, na ce yana ji. Ta gyaɗa kai, ta ce daga yau in riƙa zuwa ɗaukarta da wuri, tana so ta samu sahun gaba.