Ranar da Aka Ƙi Cafe Ƙwallon Ustad Sarwar

Ustad Sarwar Gondal shi ne direban motar ma'aikata a kamfanin marmarar da nake wa akawu a Sharja. Mutumin wani ƙauye ne kusa da Sargodha can ƙasarmu, dogo, mai furfura a saje, kuma ba ya gaggawa a komai. Shayinsa sai ya huce yake sha. A titi ko ɗan babur mai kai abinci ya sha gabansa, iyakarsa ya ce, "Allah ya kai ka lafiya." Duk zamansa a kamfanin bai taɓa ko kuje fentin motar ba, kuma yana son a san da haka.

Kowace Juma'a bayan sallar asuba yakan kwashe mu zuwa wani fili da ke bayan ɗakunan ajiya a unguwar masana'antu ta Sana'iyya, mu yi kurket, wasan jifan ƙwallo da bugunta da sanda, kafin rana ta kore mu. Wasanmu gajere ne. Ƙwallon tanis ce naɗe da salatif, kowane ɓangare zubi goma, kowane zubi jifa shida. Ni gwiwata ta daɗe da hana ni gudu, don haka a kan bokitin fenti nake zama ina rubuta maki. Munshi suke kirana, wato akawu, kamar yadda ake kirana a ofis.

Tun muna yara a lungunan garuruwanmu dokar ɗaya ce: mai sanda shi ke fara bugu. Lokacin da aka kafa ƙungiyarmu, Ustad kaɗai ke da sandar kirki. Yana shafa mata mai, yana naɗe ta da tsohon mayafi, yana ajiye ta bayan kujerarsa. Daga baya samari sun sayi nasu sandunan, amma ba wanda ya iya buɗe baki ya ce a sake tsari. Ga girma, ga kuma mota a hannunsa.

Bugun Ustad abin kallo ne in ba ka damu da cin wasa ba. Yakan tare ƙwallo a hankali, kamar mai tura ƙofar ɗakin da jariri ke barci. Malaminsa na firamare ne ya koya masa cewa turakun nan uku da ke bayan mai bugu, waɗanda in aka kayar da su ya fita, mutuncinsa ne, wanda ya bari aka kayar da su da arha ya zubar da kansa. Da wannan ya girma. Sai ya cinye rabin jifan da muke da shi a kan maki ashirin. Sau da yawa wasa yakan ƙare yana tsaye ba a fitar da shi ba, mu kuwa an cinye mu.

Ba a taɓa faɗa masa kai tsaye ba. A shagon shayin da muke karyawa bayan wasa ake yin maganar, kuma kullum a kan masu fara yi wa ƙasarmu bugu a talabijin ake ɗora ta. Kyaftin ɗinmu, Danish Warraich, mai gyaran waya a unguwar Rolla, shi ya fi iya wannan gugar zana.

"Ku dubi wannan don Allah," in ji shi wata rana, yana nuna talabijin da gutsuren gurasar paratha. "Jifa ashirin, maki goma sha takwas. Bugu ya zo yi ko hoto ya zo ɗauka?"

"Gini sai da tushe, yaro," in ji Ustad.

"Ustad, ai wannan tushen zai yi ta haƙa har magina su tashi aiki."

"In ya faɗi da wuri fa? Ku ne dai za ku fara zaginsa."

"Ya faɗi mana! Mutum tara na zaune a inuwa suna jiran bugu suna hamma. Turaku ana kai su gida a dafa ne?"

Aka kwashe da dariya. Ustad ya hura shayinsa da ya riga ya huce, ya juyo wajena.

"Munshi, faɗa wa yaran nan. Tun bara sau nawa mutanen Shaji suka fitar da ni?"

Na faɗi gaskiya: ko sau ɗaya. Ya gyara zama, magana ta mutu.

Shaji kyaftin ne na kafintocin da suka zo daga jihar Kerala, gajere mai yawan murmushi, kuma ƙungiyarsa ce ta fi ba mu wahala. Abin da ke ɗaure mana kai da su shi ne cafe ƙwallo, don in aka cafe ta a sama mai bugu ya fita. Ta kowa suna tsalle su kama kamar birai, amma ta Ustad sai ta sille musu. Muka sa musu suna masu hannun man kwakwa. Su yi ta surutu da yarensu, mu yi ta dariya.

Ranar da abin ya faru, wasan kusa da na ƙarshe ne a wata 'yar gasa ta unguwa. Mutanen Shaji suka fara, suka tara maki casa'in da huɗu. Ɗaya daga cikinsu ya tafi hutu gida, sai suka aro wani mai walda ɗan Bangladesh, Mizan, suka cike gurbi. Ustad ya shiga da sandarsa kamar kullum. Aka ci zubi biyar muna da maki talatin da ɗaya. Danish yana gefena yana cizon farce.

Sai aka jefo wata, Ustad ya yi kuskuren ɗaga ta. Ƙwallo ta tashi sama sak, ta yi laushi, ta nufo inda Mizan yake tsaye. Ko almajirin tela zai cafe ta. Mizan ya gyara ƙafa, ya haɗa tafuka. Shaji ya yi ihu da yarensu, Mizan bai motsa ba, don ba ya jin yaren. Sai Shaji ya sake ihu, wannan karon da harshen da duk filin ke ji:

"Kar ka cafe! Bar ta! Bar shi ya zauna!"

Mizan ya zare hannuwansa ya kai su baya kamar wanda wuta ta ƙona. Ƙwallo ta faɗi tsakanin ƙafafunsa, ta yi 'yar tsalle, ta tsaya.

Ban taɓa jin filin nan ya yi shiru haka ba. Har ƙarar injin wani ɗakin sanyi da ke can nesa ana ji. Abokin bugun Ustad, wanda suke musayar wuri da gudu don tara maki, ya tsaya a tsakiyar gudu, baki buɗe. Danish ya miƙe tsaye, ya ce, "Innalillahi," ya sake zama. Ni biro na riƙe, na kasa sanin abin da zan rubuta. Duk ƙwallayen da muka ga sun sille tun bara suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya, da dariyar da muka yi ta yi.

Ustad ya taka zuwa tsakiyar fili, sanda a hannu.

"Shaji."

"Ustad, wasa ne kawai, kada ka..."

"Tun yaushe?"

Shaji ya kalli ƙasa. Murmushin nan nasa ya ɓace.

"Tambayarka nake. Tun yaushe?"

"Tun bara, Ustad. In kana ciki, samarinku ba sa samun jifa. Wallahi ba raini ba ne."

Ustad ya gyaɗa kai kamar an faɗa masa hanyar da zai bi. Ya koma wurin bugunsa. Mun zaci ci gaba zai yi. Sai ya juya, ya fuskanci turakunsa, ya sa bakin sanda ya ture su. Bai yi da ƙarfi ba. Suka kwanta a kan yashi.

Alƙalin wasan, wani mai gadi da muke roƙa ya tsaya mana, ya yi sororo.

"Ɗaga yatsa mana, malam," in ji Ustad. "Ko kai ma an ce ka bar ni?"

Mutumin ya ɗaga yatsa, alamar mai bugu ya fita. Ustad ya fito, ya tsaya gaban Danish, ya miƙa masa sandar da ba wanda ya taɓa riƙewa sai shi.

"Ustad, ina da tawa," in ji Danish.

"Karɓi. Kun ce akwai mutum tara masu hamma. Ku je."

Danish ya shiga. Ya aika biyu can bayan katanga, ta uku aka cafe shi. Sauran suka yi ta kai duka kamar masu huce haushi, amma jifan da ya rage bai isa ba. Maki bakwai suka raba mu. A gaban sunan Ustad na rubuta cewa shi ya kayar da turakunsa, don haka aka yi.

Da muka waiwaya Ustad ba ya filin, muka ce yau da ƙafa za mu koma. Sai muka tarar da shi a cikin mota, ya kunna sanyi, yana jiranmu. Ba wanda ya yi maganar shayi. Har ya sauke mu gudun motar bai ƙaru ba.

Juma'ar da ta biyo mun fito ne ba tare da tabbacin zai zo ba. Ya zo a kan lokaci. A fili ya warware mayafin, ya ba wani saurayi sandar, ya ce mini, "Munshi, sa ni a ƙarshe." Na dubi Danish, Danish ya dubi takalminsa. Na sa shi a ƙarshe, kuma nan yake har yau. Wani lokaci ba ya samun ko jifa ɗaya. In ya samu, sai ya kai duka da dukkan ƙarfinsa, abin ba kyan gani, don hannun bai saba ba.

Da muka sake haɗuwa da kafintocin, jifa biyu suka rage lokacin da ya shiga. Ya ɗaga ta farko sama, ta nufi Shaji. Ustad bai yi gudu ba, ya tsaya yana kallon hannuwansa. Shaji ya cafe ta da hannu biyu, ya rungume ta a ƙirji. Ustad ya taka har inda yake, ya miƙa masa hannu suka gaisa, sannan ya wuce ya je ya tayar da mota.