Ottmar Ya Bar wa Senta Gari

Ottmar Rehbein bai iya zama da mutane ba, kowa a garinmu ya san haka. Ka gaishe shi ya ɗaga maka gemu, shi ke nan an gama hira. Amma a ajiye shi gaban kare, sai ka rantse wani aka canjo. Ɗan makiyayi ne, cikin karnuka ya tashi. Da yaƙi ya zo aka ba shi muƙamin kofur da karnukan neman waɗanda suka ji rauni. Ya dawo yana jan ƙafa ɗaya, ya tarar da Jamus cike da samarin da hayaƙin guba ya cinye wa idanu. Da aka buɗe makarantar koya wa karnuka jan makafi a bayan gari, shi aka fara kira.

Manyan karnukan kiwo yake horarwa. Ya koya musu tsayawa a bakin titi da kauce wa rami, har da reshen da kare zai wuce ƙarƙashinsa lafiya amma ya fasa wa mutum goshi. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar tana ƙarshe. In makaho ya zo karɓar kare, dole mai horo ya janye jikinsa, kada ya ciyar da karen, kada ya shafa shi, kada ma ya kira sunansa. Karen ya yi ta kuka, ya ƙi abinci, daga baya ya haƙura ya bi sabon ubangidansa, su hau jirgi su tafi garinsu. Haka Ottmar ya yi shekaru yana raino yana sallama, ba a taɓa ganin ya girgiza ba.

A shekarar da matarsa Hedwig ta rasu aka haifi wata 'yar kwikwiya a makarantar, Senta, uwarta ta ƙi shayar da ita. Ottmar ya sa ta cikin riga ya kai ta gida. Dokar makaranta ta hana haka, shi ma ya sani sarai, shi ke tsawata wa wasu a kai. To amma gidan ya yi masa faɗi, ba su haihu ba, ba mai ce masa ci kanka. Ya raine ta da kwalba a gefen murhu, suna raba dankali. Ta girma ta zama karyar da ba a taɓa horar da kamarta ba a makarantar.

Aka ba da ita ga Wendelin Krug, wani makaho mai ɗaure burushi. Nan aka yi kuskure na biyu, domin Wendelin ɗan garin ne, bayan layin Ottmar yake. Tun dawowarsa daga yaƙi yana zaune a ɗakin yayarsa, ita ke kai shi masana'anta ta ɗauko shi. Ga shi za ta yi aure ta bar gari. In bai iya kai kansa aiki ba, gidan ajiye makafi za a kai shi, kuma ya sha faɗa cewa gara masa kogi da can.

Ottmar ya janye kamar yadda ya saba. Ina! Senta ba ta san wannan zance ba. Wata safiya ya buɗe ƙofa ya ga mutum da karya tsaye, tana kaɗa jela kamar za ta tsinke.

"Kofur," in ji Wendelin, "na ce ta kai ni wurin aiki, ga ni a ƙofarka. Nawa kake biya?"

Ottmar bai yi dariya ba. Ya rufe ƙofa, ya jingina da ita har suka tafi.

Ya sauya hanyar zuwa makaranta. Ya daina zuwa cocin unguwa, ya bar teburinsa na gidan giya, har tabar da yake sha ya canja wai ko warinsa zai ɓace mata. Duk a banza. Ranar kasuwa ta jiyo shi daga tsallaken titi, ta fizgi Wendelin ta shiga gaban keken doki mai dakon ganguna. Allah ya tsare, goshin Wendelin kawai ya fashe. Shugaban makaranta ya ce za a karɓe ta daga hannun Wendelin, kuma babu wani karen da zai kammala horo kafin baɗi. Abokan aiki suka ba Ottmar shawara ya yi mata dukan da za ta tsane shi har abada. Ya ɗauki sanda kuwa. Ta kwanta a gabansa ta ɗora haɓa kan takalminsa, sai ya ajiye sandar ya fita. Mutumin da bai yi kuka a jana'izar matarsa ba, ranar an gan shi bayan rumbun abincin karnuka yana share fuska da hula.

Ya ga muddin yana garin Senta ba za ta daina nemansa ba, sai ya ajiye aikin. Ya sayar da gidan, ya shirya komawa gonar 'yar ɗan'uwansa can arewa, bakin teku, inda bai san kowa ba. Mutane suka ce ya zautu, ina aka taɓa barin gari saboda kare?

Ranar tafiya ya je yi wa Wendelin sallama. Aka kulle Senta a ɗakin baya, suka yi magana ta taga, tana ta kartar ƙofa.

"Kofur, ka zauna. Ni zan tafi gidan makafin, ai an ce miyarsu da nama."

"Rufe min baki, Krug. Ka riƙa duba mata tafin ƙafa in ƙanƙara ta sauka, yana tsagewa."

"Yaushe za ka dawo?"

Ottmar ya ce sai ranar da Senta ta mutu. Ya ce a bar masa gurbinsa kusa da Hedwig a maƙabarta, kada a ba kowa. Ya ɗauki jakarsa ya bi ta bayan gari zuwa tasha.

Senta ta yi rama har haƙarƙarinta ya fito, sannan ta haƙura. Ta kai Wendelin aiki cikin ruwa da ƙanƙara, bai sake ko tuntuɓe ba. Ya kama ɗakin kansa, har ya auri wata mai wanki. A can arewa kuwa Ottmar yana ba aladu dusa, yana gyaran shinge. Akwai karen gadi a gonar, an ce ko kallonsa ba ya yi. Kowace bazara yakan aiko a tambayar masa lafiyarta, a ce masa ƙalau take, ya ce madalla.

Karya ce mai ƙarfi, ta daɗe. Shi ya riga ta. Ciwon ƙirji ya kayar da shi a tsakiyar hunturu, hanyoyi duk a toshe, aka binne shi a can cikin baƙi. Labarin ya iso Wendelin yana bakin aiki, Senta na kwance ƙarƙashin tebur, bakinta ya yi furfura. Da aka tashi ya laluba ya ɗaura mata igiyar jagora, ta miƙe a hankali ta kai shi gida.