Jajen da Na Je da Littafi a Cikin Hijabi

Ko zan manta abubuwa da yawa a rayuwata, ba na jin zan manta makon da na bi gidajen unguwarmu da littafi da biro. Lokacin ban fi shekara biyu da gama makarantar yaƙi da jahilci ba, rubutuna ma bai gama miƙewa ba. Muna zaune can ƙasa da Panshekara, kusa da kogin Challawa. Maigidana yana aiki a kamfanin fata, ni kuma ina gida da yara huɗu da 'yar sana'ata ta ƙuli-ƙuli.

Daminar shekarar ta zo mana da wani irin hali. Ruwa ya makara har aka yi shuka sau biyu, da ya tashi zuwa kuma sai ya zo gaba ɗaya. Katangun ƙasa suka zube, kogi ya hau lambunan bakinsa, kwatocin da ke gangarowa daga wajen kamfanoni suka cika suka dawo mana cikin gidaje.

Bayan ruwa ya janye ne malamar da ta koyar da mu ta aiko a kira ni. Na same ta tare da wata matashiya daga wata ƙungiya a birni. Ita ta yi mini bayani cewa za a yi babban taro a ƙasar waje, shugabannin duniya za su zauna kan sauyin yanayi, wato yadda hayaƙin da mutane ke fitarwa ya rikita zafi da ruwan sama. Suna tattara bayanan talakawa daga Sharada da Bompai da Challawa, a haɗa a takarda ɗaya a ba masu tafiya. Kowace unguwa ana son mace ɗaya da za ta shiga gidaje.

"Abin da suka faɗa shi za ki rubuta, Mama," in ji ta. "Kada ki ƙara, kada ki rage."

Na karɓi maganar nan hannu bibbiyu. Na riƙa shiga gida-gida, in yi sallama, a gaisa, in buɗe littafi in ce, "Yaya kuka ji da ruwan bana?" Kowa sai ya ce, "Alhamdulillahi, ruwa ya yi gyara." Haka muka tashi muka ji iyayenmu suna amsawa, ko da ruwa ya ci musu gona, don ruwan sama rahama ne, ba a kushe shi. Har wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ɗakinta ya rushe tana zaune a ƙarƙashin tamfol, haka ta amsa mini. Ni kuwa na rubuta. Gida goma sha biyu, amsa ɗaya, ina ta murna ban ɓata ko harafi ba.

Da na kai littafin, matashiyar ta juya shafi ɗaya, ta juya na biyu, ta fara dariya, sai kuma ta tsaya.

"Mama, ku ke nan babu abin da ya same ku?"

"Ya same mu mana, 'yar nan. Har tabarmar sallata ruwa ya tafi da ita."

"To ina yake a nan? Ni na san gaisuwa ce. Wanda zai karanta a can bai sani ba, cewa zai yi waɗannan lafiya suke. Jibi za a rufe takardar. In haka ne, sai dai a tafi babu unguwarku."

Na dawo gida da littafina. Mutane sun yarda da ni sun buɗe mini ƙofa, ga shi rubutuna ne zai nuna wa duniya cewa ba abin da ya taɓa su. Maigidana ya dawo daga aikin safe, na ba shi labari yana wanke hannu. Ya ce, "Ai kin je musu ne kamar mai ƙidaya. Wa zai kai ƙarar ruwan sama wurin mai biro? Ke ma in aka tambaye ki, me za ki ce?"

Na san ni ma "ruwa ya yi gyara" zan ce. Amma maganarsa ta tuna mini wani abu da ya ba ni kunya. Tun da ɗakin tsohuwar nan ya faɗi, ina ta fama da kwashe ruwan gidana, ban je mata jaje ba. Na shiga gidanta da littafi kafin in shiga da zumunci.

Washegari da hantsi na dama kunu na zuba a kwano, na sa littafin cikin hijabi don kada ya riga ni magana. Na durƙusa na ce, "Inna, jaje na zo, ku yafe mini na makara. Ashe haka abu ya faru?"

A wurin jaje kuwa ba a rufe baki, mai gida ne ke ba da labari, mai zuwa ya saurara. Ta ce da la'asar ta ji katangar tana ƙara, ta fito ke nan ta zube a bayanta. Marigayi mijinta ne ya gina ɗakin shekarar da ta yi haihuwar fari. A ciki akwai tukunyar irin gero da take ajiyewa tun tana da ƙarfinta, ƙasa ta danne. Ta ce da can in an yi ruwan fari, shuka ake yi babu fargaba, yanzu ko su tsofaffi ba sa gane kan damina. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi.

Sannan na zaro littafin na nemi izininta. Ta ɗaure fuska.

"Ba dai ƙarar Ubangiji za ki sa ni in kai wa Turawa ba ko?"

"A'a, Inna. Ruwa na Allah ne, amma hayaƙin na mutane ne. Su za a faɗa wa."

Ta dubi inda ɗakin yake. Can ta ce, "To rubuta. Amma ki fara da godiya, sannan ki sa ɗakin."

Haka na yi, ta dangwala yatsa a ƙasan rubutun. Sai ta jawo mayafinta ta ce in biyo ta. Ita ta riƙa shiga gaba tana cewa, "Ku faɗa mata, ba saɓo ba ne, da godiya take farawa." Kafin magariba littafin ya cika, rubutu ya karkace, wani wurin ma na soke na sake. Matashiyar a tsaye ta karanta shi har ƙarshe, ta ce, "Mama, kun shiga."

Ban san ko wani babba a can ya kai idonsa kan shafinmu ba. Na dai ji a rediyo an yi taron an watse, wasu na cewa an ci gaba, wasu na cewa da saura. Abin da na sani shi ne an tafi da maganarmu yadda take. Tun daga nan na gane cewa mai godiya ma yana da ciwo, kuma ba ya nuna shi ga wanda ya zo tambaya, sai ga wanda ya zo ya zauna.